Sallama Uku a Ƙofar Gilashi

Zuwa ga Shugaban kwamitin gina gidan kayan fasaha na Bodinga, da Hajiya mai zana taswirar ginin, da sauran iyayena 'yan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku. Yaya aiki, yaya kuma ruwa? Allah ya sa daminar bana ta yi albarka.

Ranka shi daɗe, sunana Rabi'atu. Ni 'yar Mandera ce ta ƙasar Shagari, amma a Bodinga nake zaune wurin gwaggona saboda makaranta. Ina aji biyu na babbar sakandare. Ban taɓa rubuta wa manya wasiƙa ba, sai irin wadda ake ba mu a jarrabawa, wadda ba ta zuwa ko'ina. Idan na yi kuskure a lafazi ko a ladabi, a yafe mini.

Ranar da kuka tara jama'a kuka nuna taswirar sabon ginin, ina wurin, can baya kusa da taga. Hajiya ta tambaya har sau biyu ko akwai mai magana cikin ɗalibai. Na ɗaga hannu iya kafaɗa, na sauke. Malamarmu ta Hausa ta gan ni. Da muka koma makaranta ta ce tun da bakina ya ƙi, in bar hannuna ya yi. Na zaɓi wasiƙar ta zama a buɗe ne domin labarin da zan bayar ya riga ya zaga Mandera, amma rabinsa kawai aka sani. Ɗaya rabin yana wurina, kuma ba shi da daɗin faɗa.

1. Godiya

Da godiya zan fara, domin ita ta fi yawa a zuciyata.

Bara bayan girbi, mata biyu daga kwamitinku suka zo Mandera suna neman aron kayan hannu. Suka shiga gidanmu wurin kakata, mahaifiyar babana, wadda kowa ke kira Inna Tumba. Sana'arta zanen ƙwarya. Takan sa ƙarfe a garwashi ya yi ja, ta ɗora ƙwarya a cinya, ta bi bayanta da zane, ba tare da ta fara shata komai ba. Waɗannan mata ba su yi mata gaggawa ba. Sun cire takalmi, sun zauna a tabarma, sun sha fura, sun saurari labarin da mu jikokinta muka gaji da ji. Shi ya sa ta ba su abin da ba ta taɓa bari ya kwana a waje ba: masakin mahaifiyarta, wato babbar ƙwaryar da ta gada, da ƙwaryar da ta zana shekarar da ta haifi babana, da wani ƙaramin koko da ta yi mini ranar sunana.

Na gode da wannan zaman da suka yi.

Na gode kuma da ba ku jira sabon gini ba. Kun gyara tsohon sito na kusa da tasha, kun shafe shi da fenti, kun jera kayan domin gwaji, kun ce shiga kyauta ne. Ranar da na shiga na ga jakunkunan fata na dukawa, da akusa baƙaƙe, da zanen saƙi irin wanda tsofaffi ke ɓoyewa a ƙasan adaka, da allo mai zayyana. Na ga wani babban zane na mata a fadamar Danchadi suna ɗaukar albasa, kuma wadda ke gaba ta karkata wuya daidai yadda mahaifiyata take karkatawa idan kaya ya yi mata nauyi. Na daɗe a gabansa. Ni da na girma ina shan kunu a cikin kokon nan na ranar sunana, ban taɓa sanin abin kallo ba ne sai da na gan shi cikin gilashi, fitila na haska shi. Ku kuka nuna mini haka. Ko da ba ku karɓi komai daga wannan wasiƙa ba, wannan alheri ya riga ya zauna.

Abu na uku, kun tambayi jama'a kafin ku haƙa harsashi. Ba kowa ke yin haka ba. Wannan tambaya taku ce ta ba ni ƙarfin halin rubutu.

2. Abin da ya faru

Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah aka ce za a kai ajinmu. Na aika wa Inna Tumba ta bakin wani direba ɗan garinmu cewa ta zo ranar, zan tsaya mata a ƙofa da hantsi, mu shiga tare ta ga ƙorenta.

Ya kamata in bayyana dalilin da ya sa na matsa mata. Ciwon yanar ido ya rufe mata idon hagu tun shekaru biyu da suka wuce. Na daman ma ya fara. Ta bar zane tun ranar da ta ɗora jan ƙarfe a kan ɗan yatsanta tana zaton bakin ƙwarya ne. An kai ta asibiti a Sakkwato, likita ya ce a dawo bayan damina a ga ko aiki zai yiwu, bai yi alkawarin komai ba. Yanzu idan abu yana kusa kuma akwai haske, tana gani. Kullum abin raguwa yake yi.

Ta shirya tun asuba. Ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi. Ta shiga motar masu albasa, motar ta tsaya jiran cika, ba su iso Bodinga ba sai da rana ta take. Mu kuwa an riga an shigar da mu a layi. Na so in ce a bar ni a waje ina jiran wani, ban iya faɗa ba.

Ranka shi daɗe, kun san ƙofar siton. Gilashi ce mai duhu. Na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin komai sai kansa. A jikinta an manna takarda da boko, an rubuta cewa shiga kyauta ne, a tura. Mai gadi yana daga ciki, a kan tebur, da babban littafin da baƙi ke sa hannu, fanka na kaɗawa a kansa.

Inna Tumba ba ta karanta boko. Ta iso, ta cire takalminta ta ajiye a gefe, ta tsaya a kan siminti mai zafi, ta yi sallama. Ba a amsa ba. Ta dakata ta sake. Ba a amsa ba. Ta yi ta uku da ɗan ƙarfi. Daga nan ta mayar da takalminta, ta koma gindin darbejiyar da ke gaban siton, wurin wata mai sayar da fura, ta huta kaɗan, ta nufi tasha.

Da muka fito, mai furar ta tambaya wace ce Rabi 'yar Mandera. Ta miƙo mini ƙunshi biyu. Ɗaya ƙuli-ƙuli ne nawa. Ɗayan ludayi ne mai zane, cikin na ƙarshe da ta yi kafin ta bar aiki. Ta kawo wa masu gidan ne, domin a wurinta ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana.

Ba na ganin laifin mai gadi. Na koma daga baya na gwada da kaina: idan ƙofar na rufe, fanka na juyawa, daga teburinsa ba a jin muryar waje. Dattijo ne mai kirki. Da na ba shi labari ya yi ta salati, ya ce da ya ji da ya fito da gudu. Ya kuma gaya mini ba ita kaɗai ba ce. Ya sha hango mutane ranar kasuwa su tsaya, su leƙa, su juya. Shi yana zaton ba su da sha'awa ne.

Da na je gida hutun mako na tambaye ta me ya hana ta tura ƙofar. Zan rubuta amsar yadda ta faɗe ta: "Sau ukku niy yi sallama. Wa ka shiga gidan mutane ba a amsa mai ba?" Sai ta ƙara da dariya, wai ta iske wata tsohuwa tana kallonta a cikin gilashin ƙofar, ita ma da ɗan ƙunshinta, ita ma ba a amsa mata ba. "Nic ce, to baiwar Allah, mu tahi." Kowa a tsakar gida ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Tun daga ranar ta ce wa kawuna idan ya shiga Bodinga bayan damina ya karɓo mata ƙorenta. Maƙwabtanmu biyu da suka ba da aron faifai da zanen saƙi su ma sun fara cewa a haɗa da nasu. Ba da faɗa suke yi ba. Cewa suke, kayan da mai shi ba ta iya zuwa gaishe shi, gara ya dawo gida.

3. Nawa laifin

Wannan shi ne rabin da ba a sani ba.

Ina ciki, kuma na ji. A lokacin ina tsaye kusa da tagar da ke gefen ƙofa, wadda gilashinta ɗaya ya ɗan buɗe. Tun sallamar farko na gane muryar. Muryar da ta yi mini tatsuniya ba za ta ɓace mini ba.

Kafin mu shiga an ja mana kunne cewa a irin wannan gida ba a magana, ba a taɓa komai, ba a fita daga layi. A bango kuma ga rubutu da jan fenti: A YI SHIRU. Na buɗe baki, idona ya faɗa kan rubutun, na dubi 'yan ajinmu kowa ya kame, sai na amsa a zuci. Na ce ai za ta turo ƙofar. Ta yi ta biyu, na ce yanzu mai gadi zai tashi. Ta yi ta uku. Ina kallonta ta gilashi tana laluben takalminta da ƙafa.

Zan faɗi gaskiya duka tun da na fara. Ba rubutun bango kaɗai ya riƙe ni ba. Akwai kunya irin wadda ba ta da kyau. Wurin ya yi tsit, ya yi sanyi, yana ƙamshin sabon fenti, sai na ji kamar muryar Mandera ba ta dace da shi ba. Na ji tsoron a juyo a dube ni. Tun muna ƙanana a Islamiyya aka koya mana cewa amsa sallama wajibi ne. Na san haka, na kuma yi shiru.

Na yi wata biyu ina ɗauke da wannan. Ranar Juma'ar da ta wuce, muna zaune a Mandera ni da Inna Tumba muna tsinke zogale, na gaya mata. Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Can ta ce, "Boko ya canye miki halshe, 'yar nema." Ta jefe ni da karan zogale. Sannan ta ce, ba da wasa ba wannan karon, "Gidan da ka hana jika amsa ma kakatta, wane irin gida na?"

Ni na san ba gidan kaɗai ba ne. Nawa laifin na ɗauka, na roƙe ta gafara, ta yafe. Amma tambayarta ta bi ni har Bodinga, kuma ina ganin ku ya kamata ta iske, tun da ku ke da ikon gina amsarta.

4. Abin da na gani a taswira

Hajiya, Allah ya ƙara basira. Na je na tsaya gaban ɗan ginin kwali da kika ajiye a siton har sau huɗu. Yana da kyau ƙwarai. Na so yadda kika buɗe rufin tsakiya domin haske ya sauko, da yadda kika yi wa bangon waje zane irin na gidajen da. Ni ban san aikin gini ba. Na san kuma gilashi yana da amfani, yana tsare kaya daga gara da ɓera da hannun da bai san ciwon abu ba. Na san dole a yi gadi. Ba ina cewa a bar kayan mutane a sarari ba.

Amma da na sunkuya na dubi ginin daga inda mai zuwa zai fara ganinsa, na sa kaina a matsayin Inna Tumba, ga abin da na tarar. Da farko doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Bayanta fili na ajiye motoci, daidai inda darbejiyar take yanzu, wato za a sare ta. Bayan filin matakala bakwai, na ƙirga. A samansu ƙofar gilashi, ta fi ta siton girma. Tun daga titi har cikin ɗakin kallo babu inuwa, babu wurin zama, babu inda mutum zai tsaya ya yi sallama a ji shi.

Mai mota zai ji daɗin wannan gini. Amma yawancin waɗanda suka ba ku aron kaya ba da mota za su zo ba. A ƙafa za su taho daga tasha, ko a Keke, da ƙunshi a hannu, wata da goyo, wani da sanda. Mutanenmu ba sa shiga wuri don an rubuta a shiga. Sai an ce musu bismilla.

A Mandera ko gidan da ya fi kowane talauci yana da zaure, ko da na zana ne. Baƙo ba ya buƙatar izini kafin ya shiga zaure. Nan zai tsaya a inuwa, ya yi sallama, a amsa, a kawo masa ruwa, sannan a san ko zai wuce ciki. Zaure ba waje ba ne, ba kuma ciki ba. Shi ne wurin da baƙo ke daina zama baƙo. Ginin nan yana da komai, shi kaɗai ya rasa.

Akwai wani ƙaramin abu kuma, a yi haƙuri da ni. An ajiye ƙoren Inna Tumba a buɗe, bakinsu sama, kamar ana jiran a zuba fura. Zanen ƙwarya a bayanta yake, kuma daga gindi ake fara shi. A ɗakin kowace tsohuwa a kife ake jera su. Yadda suke yanzu, mai kallo farin ciki kawai yake gani da ɗan gefen zanen. Masakin kuma an juya wajen ɗinkinsa ya dubi bango, ina jin don a ɓoye tsagar. Wannan tsaga ita ce labarinsa. Ya faɗo daga kan jaki ne shekarar da iyayenta suka taso daga tsohon gari, gyartai ya ɗinke shi, ɗinkin ya riƙe har yau. A takardar da ke gabansu an rubuta: ƙwarya mai zane, daga yankin Shagari. Yankin Shagari bai taɓa ƙona ɗan yatsa a garwashi ba.

5. Abin da nake roƙo

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Kun ce sai ruwa ya ɗauke za a haƙa harsashi, don haka ina ganin ban makara ba.

Babban roƙona zaure ne. A fasa katangar ta gaba, a yi zaure mai faɗi wanda ba shi da ƙyaure, yana kallon hanyar tasha, da dakali a kowane gefe. Gilashi da makulli su koma can ciki inda kayan suke. A zauren a sa mutum wanda aikinsa na farko shi ne amsa sallama. In da hali su zama biyu, dattijo da dattijuwa, domin akwai matan da ba za su wuce namiji shi kaɗai a ƙofa ba. Ba sai masu takardar makaranta ba. A samu masu sakin fuska waɗanda suka san gaisuwa, suka san su tambayi mutum ya hanya, ya mutanen gida. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma tabarmar ma a shimfiɗa.

A bar darbejiyar nan, don Allah. Ita kaɗai ta karɓi kakata ranar. Motoci su koma gefe, ba sa jin rana kamar mutane. Mai furar ma a bar ta inda take.

A ajiye randa da moɗa a zauren, da ɗan wurin ajiye takalmi, domin mutanenmu za su cire ko an ce kada su cire. A samu wurin alwala da inda za a yi salla, kada azahar ta kori wanda ya zo daga nesa. Matakalan nan bakwai a rage su, a yi gangare a gefe saboda tsofaffi da masu keken guragu.

Littafin sa hannu kada ya zama shi ne farkon abin da baƙo zai tarar. Na ga wani dattijo ya riƙe biro yana juyawa, ya ce ya manta tabarau, ya fita bai dawo ba. Kowa ya san ba tabarau ya manta ba. Wanda ya so ya rubuta, da boko ko da ajami. Wanda bai so ba, sai a tambaye shi sunan garinsu da baki, a rubuta masa bayan ya wuce.

Rubutun nan na jan fenti, ina roƙo a goge shi. Na fahimci ba a son hayaniya. Amma waɗannan kaya a cikin magana aka yi su, a tsakar gida, ana daka ana hira. Idan tsohuwa ta ga zanen saƙi irin na uwarta, za ta so ta kira ta kusa da ita ta nuna mata. A bar ta. Abin da za ta faɗa ya fi abin da ke rubuce a takardar. Mu ɗalibai kuma a koya mana mu yi magana a hankali, kada a koya mana mu zama kurame.

A buɗe ranar kasuwa tun safe har la'asar, domin ranar ce mutanen ƙauye ke shigowa. A ware ɗan lungu da za a ajiye kayan da ba su da tsufa, waɗanda aka yarda a taɓa, saboda masu raunin ido. Zanen ƙwarya ana jin sa da yatsa kamar yadda ake ganinsa. A kife ƙoren, a juyo da ɗinkin masakin gaba. A tambayi kowace mai kaya ko tana son a sa sunanta. Na tambayi tawa. Ta ce ita ina ruwanta da suna, sannan ta ce in za a sa, a sa Tumba ta Mandera, kada a haɗa ta da wata Tumbar.

Idan ana buƙatar masu taimako, ni da ƙawayena uku mun yi shawara za mu riƙa zuwa ranar Asabar mu zauna a zauren, mu raka tsofaffi ciki, mu karanta musu abin da aka rubuta. Ni da ban iya ɗaga hannu a taro ba, ban san yadda zan yi ba. Amma sallama dai na yi alkawari ba za ta sake wuce ni ba.

Ranka shi daɗe, duk waɗannan na sabon gini ne, kuma gini yana ɗaukar lokaci. Idon Inna Tumba ba zai jira a gama ba. Saboda haka ina da roƙo ɗaya na yanzu, wanda ba ya buƙatar bulo ko siminti.

Na tambaye ta ko za ta sake zuwa. Ta ce, "Ni ba hushi ni kai ba. In masu gida sun kira, in zo." Kiran jika ba ya cikin lissafi, ta ce ni ba mai gida ba ce, 'yar kallo ce kamar ita. Don haka ina roƙon ɗaya daga cikin matan nan biyu da suka sha furarta ta aika mata, ko da ta bakin direba ne, cewa ana gayyatarta. A sa rana tun kafin ruwa ya ɗauke, da hantsi, lokacin da haske ya fi yi mata. Ranar a tokare ƙofar gilashin da dutse ta zauna a buɗe. A kashe fankar na ɗan lokaci. A buɗe akwatin ƙoren a bar ta ta kife su da hannunta, domin ba wanda ya san gabansu da bayansu kamar ita. Ina da yaƙinin idan ta dawo Mandera ta ba da wannan labari, ba kawuna kaɗai zai fasa zuwa karɓar kaya ba. Za ku rasa inda za ku sa abin da za a kawo muku.

Ludayin yana wurina. Na naɗe shi a ɗankwali na sa a ƙasan akwatin littattafaina. Gwaggona ta ce in haɗa shi da wannan wasiƙa in kawo muku, na ce a'a. Ba ni aka aika da shi ba. Mai shi za ta kawo abinta, ta miƙa da hannunta, bayan an amsa mata.

Allah ya saka muku da alheri a kan abin da kuka fara. Allah ya ja kwanan Shugaba, ya ƙara wa Hajiya basira da haƙurin sauraron irinmu, ya ba 'yan kwamiti ladan zirga-zirgar da suke yi. Allah ya sa a haƙa harsashin nan a sa'a, a gama lafiya, ya zama gidan da jikokinmu za su kai nasu jikokin. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya bar wa kakata sauran haskenta har ta ga aikin hannunta inda kuka ɗaukaka shi.

Ranar da za ta zo, zan riga ta isowa. Zan tsaya daga ciki, kusa da ƙofa. Idan ta yi sallama ina roƙon ku bar ni in fara amsawa, domin ina da uku da ban mayar ba. Bayan nan sai masu gida su ce mata bismilla.

Wassalam.

'Yarku mai biyayya,
Rabi'atu, jikar Tumba ta Mandera.